Tsamiyar Yaya Maharazu

Yayana Maharazu bai iya zama wuri guda ba, kamar mai ƙaya a gindi. Ya yi yaron mota, ya yi awon gyaɗa a Faskari, sannan ya faɗa aikin gandun daji a Ƙanƙara, wajen renon dashe. Tsohuwarmu Dada ba ta da addu'ar da ta wuce Allah ya zaunar mata da shi a garinmu Ƙetare.

Shekarar da kuɗin fetur suka cika gari, gwamnati na kwasar ma'aikata tana turawa kwas ƙasashen waje, sai ga sunan Yaya cikin masu zuwa Japan. Wata uku ya yi. Ranar hutu aka kai su wani lambu inda ake renon itatuwa cikin kasko, bonsai suke ce masu. Wai itace mai shekara tamanin, tsawonshi bai wuce kamu ɗaya ba! Yaya ya ce da farko haushi ya kama shi, har ya sa tafinta ya tambayi tsohon mai lambun laifin me itatuwan suka yi aka hana su abinci. Tsohon ya yi dariya, ya nuna mashi yadda ake rage saiwa, a naɗe reshe da waya a lanƙwasa. Ya ce kakanshi ya fara renon wannan, kuma ba a taɓa kwana biyu ba a duba shi ba.

Shi ke nan fa. Duk ranar hutu Yaya na cikin jirgin ƙasa, daga wannan lambu zuwa wancan. Abokan tafiyarshi suka dawo da rediyo da agoguna, shi ko almakashi ya riƙo da ƙunshin waya.

Ya samo 'yar tsamiya ya dasa a kaskon suya. Shekara shida, wallahi, Yaya bai kwana ko Funtuwa ba. Dada har ƙiba ta yi.

To amma bakin mutane! Matarshi Safara'u ba ta taɓa ko ɓari ba, sai mata suka fara: wane mai hankali ke ɗaure itace da waya ya hana shi girma? Ai haihuwar yarinyar ya ɗaure a kaskon nan, asirin da ya sayo a Japan. Na yi faɗa da mutum uku a bakin rijiya kan maganar. Amma ranar da na iske Safara'u tsugune gaban kaskon tana kuka, ni ma zuciyata ta karaya.

Da damina aka tura shi Sabuwa rabon dashe, wata biyu, ba yadda ya iya. Ya ce, "Larai, ke kaɗai na yarda da ke. Ruwa kofi ɗaya, safe da yamma."

Bai kai Faskari ba na warware wayar kaf. Na fasa kaskon, na gina rami bayan ɗaki, na zuba takin awaki, na dasa ta. Kafin ya dawo ta yi tofo ta ko'ina, ta kai mani ƙugu.

Ya daɗe tsaye a kanta da jakarshi a kafaɗa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Yaya. Saboda Safara'u. Mutane na cewa..."

"Na san abin da mutane ke cewa. Ke ma kin yarda zan yi wa matata haka?"

Kunya ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi! Bayan sati guda ya ajiye aikin, ya ɗauki Safara'u suka hau motar Legas. Daga can sai Fatakwal, sai Kamaru. Haihuwar ba ta zo ba har suka tsufa. Dada ta yi shekara huɗu tana aike a duba mata tasha duk ranar kasuwa, ta rasu ba ta ƙara ganinshi ba. Ba ta taɓa ce mani ni na kore shi ba, amma daga ranar ta daina cin tuwon da na tuƙa.