Hannun Hagun Kawu Dong-chun

Kawuna Pyo Dong-chun shi ne shugaban ma'aikata a wani jirgin kamun kifi a garin Tongyeong na Koriya ta Kudu. Duk baƙon da aka ɗauko aiki daga Indonesiya ko Biyetnam, hannunsa ake danƙa shi. Kafin ya koya wa mutum jan koma, sai ya koya masa zama da jama'a: a tuɓe takalmi a bakin ƙofa, kada a taɓa cokali sai babba ya fara ci, ba a zuba wa kai abin sha, kuma miƙawa da karɓa duk da hannu biyu ne.

"Kai! Kyanwa kake jefa wa kifi?" Haka yake daka wa mai miƙa masa kofi da hannu ɗaya tsawa.

Wani hunturu injin jan koma ya fizge masa hannun hagu. Ya warke, amma ya daina fita. Biki ko zaman makoki, matarsa Mal-sun ke zuwa ita kaɗai. Na ɗauka ciwon ne, sai ta gaya mini kunya ce: ba zai iya zuba wa kowa da hannu ɗaya ba, shi da ya tsufa yana hana wasu.

Ranar bikin girbi, Wahyudi, ɗaya daga cikin waɗanda ya horar, ya zo gaisuwa. Ya durƙusa, ya ɗaga kofi da hannu biyu yana jira. Kawu ya ƙura wa butar shayin sha'ir ido.

"Zuba wa kanka," ya ce.

"Shugaba, kai ka ce ba a yi."

Mal-sun ta matso kusa da mijinta.

"Baban Hye-rin, hannun mutumin nan zai ƙage. Ɗauki butar." Ya ɗauka, ta tallafi gwiwar hannunsa da tafinta. "To, ga na hagun. Ya ɗan tsufa, amma yana aiki."

Kawu ya yi dariya har shayin ya zuba a ƙasa, sannan ya juya fuska ya daɗe bai juyo ba.

Daga nan ya koma shiga mutane, tana hagunsa. Da gwiwoyinta suka gaza, ya ci gaba da zuwa shi kaɗai, yana ƙara sunkuyar da kai in zai miƙa abu. Ba wanda ya taɓa ɓata rai.

"Ashe ni kaɗai abin ya dama," ya ce mini wata rana muna dawowa daga dubo Mal-sun a asibiti.