Wa Ya Ba Ku Wuta?

Sana'ata sayar da tsofaffin motoci ce. Ina da fili a Beltsville, in saya a gwanjo, in gyara, wasu in sayar a nan Maryland, wasu in loda su a jirgin ruwa daga Baltimore zuwa Kwatano. Ban yi boko mai zurfi ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Na faɗi wannan ne don a san ni ba mutumin tatsuniya ba ne. Amma akwai guda ɗaya da ta biyo ni har ƙasar nan, kuma har yau in na tuna ta raina ɓaci yake yi.

A garinmu, can gefen Kazaure, in an kai amfanin gona gida sanyi ya fara shigowa, kakarmu Iya Tabawa takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta. Mukan kewaye ta, mu tura gyaɗa cikin toka, hayaƙi na sa mu hawaye ba mai matsawa. Ƙanwata Rakiya kuwa ba ta zama, kwanciya take yi a cinyar Iya, fuskarta na kallon sama.

"Ga wata baƙuwa nan tafe," in ji Iya. "Ku matsa mata."

"Ta zauna mu ji ta!"

Ta ce an yi wata yarinya da ake aika kullum da safe ta ɗebo wuta a maƙwabta da fasasshen kasko, kamar yadda mu ma ake aikenmu a lokacin. Rannan sai ta tambayi matar gidan, "Ku wa ya ba ku wuta?" Aka nuna mata gidan gaba. Can ma ta tambaya, aka nuna mata na gaba. Haka ta yi ta bi, gida gida, gari gari, tana neman murhun da aka fara hurawa a duniya. Ƙafarta ta tsage, zanenta ya koɗe. Daga ƙarshe ta isa wani kufai, ta tarar da duwatsun murhu da toka mai sanyi. Tsohuwar da ta hura wutar farko ta daɗe da mutuwa. Wutar tata ta yi girma ƙwarai, shi ya sa ba ta jima ba ta cinye kanta, tartsatsinta ya watsu sama ya zama taurari, garwashinta kuma shi ake ta ɗiba hannu da hannu har yau.

Yarinya ta ƙulle toka a bakin zane, ta juyo gida da murna za ta ba da labari. Ashe labari ya riga ta. An ce yarinyar da ke bin murhun mutane tana tambaya mayya ce, ƙidaya wuta take yi don ta kashe. Duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa sai a sa sakata. Ta tsaya a tsakiyar gari cikin sanyi da kaskonta, ba wanda ya ba ta ko garwashi ɗaya.

Nan Iya ta tsaya, ta hau tura toka kan wuta.

"Shi ke nan?" na ce. "Iya, ba ta da wa ne?"

"Maigida, a tatsuniyar nan ba ta da wa."

"Da ni ne, da na buɗe mata ƙofa."

"Kai da ko wandon kirki ba ka da shi, ina ka ga ƙofa?"

Aka yi mini dariya. Rakiya ce kaɗai ba ta yi ba. "Iya," ta ce, "ita tsohuwar wa ya ba ta?"

Iya ta dungure mata kai. "Kun ji irinta. Tashi ki kwanta, uwar tambaya."

Uwar tambaya ba ta daina ba. Ta yi karatu a Zariya, ta zo ƙasar nan ta ƙara har ta zama dakta, ta samu aiki a wata cibiyar binciken sararin samaniya da ba ta da nisa da filina. Aikinta neman taurari mafi tsufa. Ta taɓa yi mini bayani muna cin tuwo a gidanta a Germantown. Ta ce taurarin farko manya ne, ba su daɗe ba suka fashe, kuma a cikinsu aka fara dafa ƙarfe. Waɗanda suka biyo baya sun gaji ƙarfen nan, na bayansu suka gaji fiye. Saboda haka in ta tace hasken tauraro ta ga kusan babu ƙarfe a cikinsa, ta san ta samu dattijo. Na ce mata ni da tsatsa nake gane tsufan mota, ita kuwa da rashin ƙarfe. Takan tafi kan duwatsu a Chile inda manyan madubai suke, ta kwana tana ɗaukar hasken wani garken taurari da ya taso tun kafin a yi ƙasar da muke takawa. Na fahimci abin da na fahimta. Sauran na bar mata, kamar yadda ita ma ba ta tsoma mini baki a gwanjo.

Ƙungiyarmu ta Hausawa takan yi walima bayan Babbar Sallah, a kira masu sana'a su yi wa yara magana. Wata shekara aka gayyaci Rakiya. Ta yi murnar da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta aro madubin hangen nesa, ta yi makonni tana neman yadda za ta faɗi abubuwan nan da Hausa, don 'ya'yanta biyu su ji uwarsu na bayanin aikinta da harshen Iya. Yaran suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, kuma wannan yana damunta fiye da yadda take nunawa.

To, a wani taron suna a garin Clinton, mai gabatarwa ya ce ga Dakta Rakiya, mai duba taurari. Kalma ɗaya ce ta jawo komai: duba. Kafin a gama cin shinkafa wata mata ta ja ta gefe tana so a duba mata tauraron 'yarta. Rakiya ta yi dariya, ta yi bayani. Ba a kai sati ba magana ta zagaya cewa ƙanwar Habu mai motoci bokanci take yi wa Turawa, kuma yaranmu za ta koya wa.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Sabi'u, injiniya ne. Ya same ni a ofishina bayan Juma'a, aka gaisa, aka tambayi iyali, ya yi ta juya makullin motarsa.

"Alhaji Habu, ka san mutanenmu. Mun ga a ɗage maganar Dakta zuwa baɗi."

"Ranka ya daɗe, kai ma ka yarda boka ce?"

"Subhanallahi! Ni? Na san aikinta sarai."

"To ka tashi ka faɗa musu mana."

"Ba a jayayya da mata kan 'ya'yansu. A bari ƙura ta lafa."

"Likitan haƙorin da aka gayyata tare da ita fa, shi ma an ɗage shi?"

Ya tashi da makullinsa ya yi mini sallama. Wanda bai sani ba ina iya yi masa uzuri. Wanda ya sani ya sa sakata shi ne ya ƙona mini rai. Mutanen nan lokacin sallar da ke cikin wayarsu, irin su Rakiya ne suka lissafa shi. Ba mai iya zuwa Germantown a cikinsu sai tauraron ɗan'adam ya ce masa yi dama, yi hagu. Wannan duk halal ne. Amma 'yar garinsu ta ɗaga kai ta tambayi yadda Allah ya tsara halittarsa, ta zama abin ɓoye wa yara.

Da na gaya mata ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Yaya, ka bar shi," ta ce. "A wurin aiki ni ce mai ɗankwalin da ake tambaya ko ɓatan hanya na yi. A nan kuma ni ce boka. Na gaji. Ba zan ƙara kai yaran nan taro ba."

Na san ta. In ta ce ba za ta ƙara ba, an gama, kuma Hausar yaran ta tafi ke nan.

"Ranar Asabar ki zo filina da madubin nan," na ce. "Bayan magariba."

"Wa zai zo?"

"Ni zan zo."

Na kwashe motoci zuwa gefe, na shimfiɗa tabarmi, na hura gawayi aka ɗora tsire. Na kira duk wanda na taɓa sayar wa mota, na ce ba taron ƙungiya ba ne, filina ne, wanda ya ga dama ya zo. Sannan na yi abin da dillalin mota ba ya yi ko da wasa: na kashe manyan fitilun tsaro, na bar ƙofa a buɗe.

Ba a cika ba. Alhaji Sabi'u bai zo ba, yawancin manya ba su zo ba, kuma har yau akwai masu gaishe ni sama-sama. Waɗanda suka zo, da wasu 'yan Kumasi masu gyara mini mota da iyalansu, sun ji Rakiya ta nuna gabas ta ce ga Kaza da 'Ya'yanta can, kuma kakanninmu ba su yi kuskuren suna ba, don a cikin taurari waɗannan 'yan tsaki ne, jiya aka ƙyanƙyashe su. Yara suka yi layi a bayan madubi. Ɗanta ƙarami ya ja mata riga, ya haɗa Hausarsa da ƙyar: "Mama, wa ya kunna na farko?"

Ta juyo ta kalle ni.

Shekara da shekaru ina ganin Iya ta cuce mu da ta bar yarinyar nan a tsaye cikin sanyi. Yanzu ina zaton da gangan ta yi. Tana da jika mai tambaya a cinyarta, ta san irin garin da za ta tarar ko'ina ta je, sai ta cire wan yarinyar daga cikin tatsuniyar ta ajiye shi a bakin wuta, ransa a ɓace. Ta tambaye ni ina na ga ƙofa. Iya, ta ƙarfe ce, mota biyu na wucewa ta cikinta a jere, kuma ranar nan ban rufe ta ba sai da gawayin ya zama toka.