Ranar da Kawu Ya Sauya Idon Kyamara

Duk sanda ruwan farkon damina ya sauka, babbar kwatar da ta raba unguwar Nima da ta Maamobi ta taso da warinta, sai in kau da kai. Ba warin kaɗai ba ne, kawuna nake tunawa.

Ƙanen mahaifiyata ne, mai hoto, shagonsa na bakin titi inda motocin haya, wato trotro, ke lodi. Kyamararsa ɗaya ce, amma idanunta biyu, irin waɗanda ake murɗewa a cire a ɗaura wani. Ɗaya yana ce masa hamsin, ɗayan talatin da biyar. Hamsin yakan kama mutum kamar yadda idonka ke ganinsa, ya bar abin da ke bayansa dishi-dishi. Shi ya sa matan unguwa ke son sa ranar suna: fuska ta fito tas, kwanon rufin da ya yi tsatsa ya ɓace. Talatin da biyar kuwa kwaɗayayye ne, komai sai ya kwaso, har bokitin maƙwabta. Kawu ba ya ɗaura shi sai taro ya yi yawa.

Wata damina, ina 'yar firamare, wani baƙo daga wata ƙungiyar agaji ya zo neman hotunan yaran zango, wato unguwanni irin tamu. Kawu ya shigo gida ya ce zai ɗauke ni hoto. Kakata ta yi murna, ta cuɗe ni da sabulun salo, ta shafe ni da man kaɗanya, ta fito mini da rigar salla da farin takalmi.

Maimakon shago, sai muka gangara bakin kwata. Ruwa ya janye ya bar baƙin taɓo da ledoji da mushen kaza da ya kumbura, ƙudaje sun yi masa rumfa. Kawu ya saita ni da hamsin. Baƙon ya leƙa ta kyamarar, ya girgiza kai, ya ce shi yarinya kawai yake gani, bai ga unguwar ba. Ina kallo Kawu ya murɗe hamsin ya jefa a jaka, ya ɗaura ɗayan. Ya zare mini ɗankwali, ya ce in cire takalmi in matsa baya.

"Kada ki yi dariya," in ji shi.

Har yau ina jin sanyin taɓon nan yana kutsawa tsakanin yatsun ƙafata.

Bayan wasu watanni, maƙwabciyarmu mai sayar da wake da shinkafa ta ga hoton a bangon asibiti, ta zo ta faɗa. Kaka ta yafa mayafi ta ja hannuna muka je. Ga ni nan 'yar mitsitsiya, ƙazanta ta cika ko'ina, a ƙasa an rubuta da Turanci wai irinmu ba mu da mai kula da mu. Ni ce ma na karanta mata.

Da ta tare Kawu a tsakar gida, sai ya hau bayani, wai haka wannan idon yake, ba ya barin komai a baya.

"Idon ne ya cire mata takalmi?" Kaka ta tambaye shi. "Kwata tana nan, ban ce babu ita ba. Amma ba a cikinta na raini yarinyar nan ba."

Ba ta zage shi ba, ba ta kuma hana shi tuwo ba. Sai dai daga ranar ba ta sake tsayawa gaban kyamararsa ba, ko da salla, ko da bikin 'ya'yansa. Da ya ɗaga ta, sai Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska, har ta koma ga Allah.

Yanzu kowa da waya mai ido uku a aljihu. Samari kan tsaya a kan gada suna ɗaukar kwatar don su sa a intanet, wasunsu ma 'ya'yan unguwar ne, kuma ba sa taɓa zaɓar idon da ke kama mutum ya bar bayansa. Hotunan ƙazantarmu sun cika duniya. Ni kuwa 'ya'yana sun tambaye ni kamannin Kaka da furfurarta, na rasa hoto ɗaya da zan nuna musu.