Fuskar da na sa a bayan jaket

Edita, a sakaya sunana. Shekara guda da gama sakandarena a Kano Yayana ya ɗauko ni zuwa Guangzhou, don na fi shi Turanci kuma na san abin da 'yan mata ke so. Jaket ɗin jins ake ɗinka masa a Xintang yana aikawa gida. Aikina zaɓen zane. Yadda ake yi a nan, ka nuna wa laoban, wato mai masana'anta, hoto a wayarka, ya buga maka a kan yadi, ba mai tambayar na waye. Kowa haka yake yi, ni ma haka na koya, har ina jin kaina gwana.

Wata rana na ci karo da hoton wata dattijuwar Baturiya, an ɗora mata kambun ganye a ka, ta ɗaga hannu biyu sama tana dariya. Ya burge ni. Na sa aka buga shi a bayan jaket, na ƙara da wasu kalmomin Turanci na 'yan gayu a ƙasa, masu nufin uwar shagali. Yaya ya ce ya yi kyau, aka ɗinka da yawa. Da lokacin baje koli ya zo na saka guda na tafi Pazhou, inda ake yin sa, ina taƙama. Ina cikin tafiya na ji an riƙe min gefen riga. Wata doguwar Baturiya ce, fuskarta ta yi ja. Ta tambaye ni ko na san wadda nake goye da ita. Na yi dariya na ce zane ne kawai. Sai ta ce ita 'yar Latvia ce, wannan matar kuwa ita ke jagorantar dubban mawaƙa a babban taron waƙar ƙasarsu, a wurinta ta koyi waƙa tana yarinya, kuma ba a daɗe da binne ta ba. Ta ce ƙasarsu ƙarama ce, duk wanda ya ɗaga sunanta, ɗan ƙwallon kwando ne ko malamin jami'a ko shugaba, kamar ɗan gidan kowa yake. Ta ɗauki hoton bayana, ta ɗauki na katin shiga da ke wuyana mai sunana da fuskata, ta ce akwai ofishin kai ƙara a cikin wurin. Ta miƙo min katinta ta wuce.

Wallahi ban san yadda na koma unguwarmu ta Xiaobei ba. Bizata ta kusa ƙarewa, Yaya kuma ya yi shekaru yana gina sunansa a garin nan, na ga ni zan jawo a kore mu mu biyu. Kwana huɗu na ɓoye masa. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in ɗauka ni aka zo kamawa, in na hango 'yan sanda a bakin tashar jirgin ƙasa sai in sake hanya. Ranar da na ji yana waya da mai aika mana kaya gida cewa gobe za a loda kayan, sai na durƙusa na gaya masa komai. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya kira laoban, shi kuma ya yi ta cewa meyo, meyo, wato ba matsala, kowa na yi. Yaya ya kashe wayar, sannan ya tambaye ni yaya zan ji in na ga hoton marigayiya Innarmu a bayan wani ƙato a kasuwa, an rubuta uwar shagali a ƙasa.

Ya dakatar da lodin. Kwana biyu muna zaune da reza muna farke bayan jaket ɗaya bayan ɗaya, har yatsuna suka yi jini. Na ɗauki hoton tarin ƙyallen na aika wa Baturiyar da ta ba ni katinta, na ba ta haƙuri iyakar Turancina. Ba ta rubuto ko kalma ɗaya ba, bidiyo kawai ta turo: mutane maƙil a fili suna rera waƙa, wasu na kuka, ga dattijuwar can 'yar ƙarama a gabansu, hannu biyu a sama. Ko ta kai ƙara ko ba ta kai ba, har yau ban sani ba. Fasfona yana ofis ina jiran a sabunta min biza, kuma duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in ɗauka daga can ne.

'Yan uwana masu harkar kaya, don ba ka san mutum ba, ba shi ke nan ba shi da kowa ba. Kafin ka miƙa wa laoban hoto, ka tambaya na waye. Ni ban tambaya ba, ga shi yanzu na san fuskar dattijuwar nan fiye da ta kowa, don sau ɗari na bi gefenta da reza ina neman kada in yanke ta.