Wai Ya Tafi Kasuwar Izom

Maigidana fataucin doya yake yi, Allah Ya jiƙansa. Ya rasu tun garin nan ana ce masa Abuja, kafin a mayar da shi Suleja. Har yau in na tuna shi sai hawaye. Bar ni in share, ke dai ci gaba da rubutawa.

Ya bar ni da 'ya mace, ko wankan kanta ba ta iya ba tukuna. Ranar da za a kai shi makwancinsa aka tura ta maƙwabta. Da ta dawo ta tambayi babanta, uwar mijina ta ce mata ya tafi kasuwar Izom, zai zo mata da rake. Ni kuma ta ja min kunne, wai ba a gaya wa yaro mutuwa, mantawa yake yi.

Yarinyar ba ta manta ba. Kullum da la'asar sai ta je bakin zaure ta zauna tana kallon hanya. Ina takaba, ba na fita, sai dai in jiyo, kuma abin da nake jiyowa ya fi komai ƙona min rai. Ƙannen mijina, ƙatti da gemunsu, suka mai da ita abin wasa. Ɗaya ya ce mata ga babanta can ya sauko daga mota, ta kwasa da gudu, su sheƙe da dariya. Ƙasar kabarin ɗan'uwansu ko bushewa ba ta yi ba. In ta dawo tana kuka a ce ta cika shagwaɓa. Tir da wannan hali. Yarinya ta koma fitsarin kwance, ta daina wasa da tsaranta, wanda ya taɓa ta sai cizo.

Na roƙi uwar mijina a gaya mata gaskiya, ta ce ita ta haifi mamacin, ba ni zan koya mata ba.

Wata rana yarinyar ta shigo ɗaki ta tambaye ni ko laifi ta yi wa Baba, shi ya sa ya ƙi dawowa. Na ɗora ta a cinya.

"Babanki ya rasu," na ce mata. "Ba zai dawo ba. Ba ki yi masa komai ba."

"Kamar akuyarmu da ta mutu?"

"Kamar ita."

Muka yi kuka tare, uwar mijina tana tsakar gida tana faɗa wai na yi wa yarinya mugunta. Ba ta sake amsa gaisuwata ba har na fita takaba.

'Yata ta warware a hankali. Amma har ta yi aure, in baffanninta suka faɗa mata magana, sai ta zo ta tambaye ni ko gaskiya ne.