Azumin Alhamis na Inna Dije

Har yanzu in na tuna Alhamis ɗin da aka kawo Inna Dije cikin amalanke, sai zama ya gagare ni. Lokacin ni ne majo, wato shugaban ƙaramin asibitin wani ƙauye kusa da Matankari. Dije ta shekara da shekaru tana allurar insulin saboda ciwon sukari.

An shigo da ita tana sambatu, idanu a kafe. Ɗanta Sani, ɗan kasuwa a Dogon Dutsi, shi ya raba ta da bori. Ga kuma aminiyarta Tabawa, wadda suka yi borin tare.

"Aljana Doguwa ta," in ji Tabawa. "Ta yi hushi don an yashe ta. Ku ba ni Dije!"

"Shirka!" in ji Sani. "Ruƙiyya za a yi mata."

Suna ta ja, ni ina kai da kawo, ina neman na'urar gwajin sukari. Na daka musu tsawa: "Mi ta ci yau?"

Sani ya yi ƙasa da murya. "Azumin nafila takai. Ni na koya mata."

Ta yi allurarta da safe, ciki ba komai. Sukarinta ya faɗi warwas. Na ɗaura mata ruwan sukari ta jijiya, ina jin tsoro ƙwarai, don numfashinta ya fara canzawa.

Ku sabbin ma'aikatan lafiya, ku riƙe wannan. Ƙwaƙwalwa ce ke gadin sukari. In ya sauka, ita ke sa hanta ta saki ajiyarta, ta tayar da gumi da rawar jiki da yunwa. Wanda sukarinsa ya sha faɗuwa kuwa, ƙwaƙwalwarsa kan saba, ta daina kururuwa.

Da Dije ta farfaɗo ta ce, "Majo, dā jikina na hwaɗa min. Yau bai ce komi ba."

Tabawa ta ce turaren borinta ne ya tashe ta, Sani ya ce addu'arsa ce. Ban yi gardama ba. Aikin nan ya koya mini a yi jinyar gida duka. Na raba musu ƙwayoyin sukari irin na shayi don su ba Dije in nata ya faɗi, Tabawa ta ɗaure a gefen zane, shi ya zuba a aljihu.

Na ce, "Jikinta ya bar yi mata magana. Ku biyu kunka rage."