Waƙafin Malam Isah

Ranar da har gobe ban manta da ita ba a aikin nan, wata Talata ce, ranar kasuwar Mafara. Lokacin ina mataimakiyar shugaban laburare, ni ke kula da sashen littattafan na'ura. Ku da kuka shigo aikin bayanmu kun san tsarin, amma bari in faɗa don na waje: littafin takarda in mun saya ya zama namu, na na'ura kuwa lasisi muke biya, wato izinin ba da aronsa. Mutum ya ara a wayarsa, wa'adi ya cika ya rufe kansa, wani ya ara.

Akwai wata dattijuwa daga Birnin Tudu, Inna Hadiza. Mijinta Malam Isah shi ke raba gado a garinsu har Allah Ya yi masa rasuwa. Littattafan da ya bari gara ta shiga adakar da suke ciki ta gama da su, abin da ya tsira kuma ruwan damina ya ƙarasa. Sai ta sayar da ragonta ta zo wurina, ta ce a saya mata littafin rabon gadon da Malam ya fi so, a yi masa waƙafi, lada ta riƙa isa gare shi a kabari.

Na ce, "Inna, na takarda za a saya?"

Ta ce, "A'a ɗiyata, na cikin waya nike so. An ce shi gara ba ta cin shi."

Na duba yarjejeniyarmu da dillalin littattafan, lasisin ba shi da ranar ƙarewa. Muka biya, na rubuta a ƙarƙashin sunan littafin: Waƙafin marigayi Malam Isah. Tun daga nan duk ranar kasuwa sai ta biyo, mu gaisa tun daga gajiya har zuwa jikoki, ta ajiye mini ƙullin gyaɗa, sannan ta tambaya, "An ara?" In na ce an ara, sai ta yi murmushi ta tafi. Wallahi na saba da ita har in ba ta zo ba sai in ji ba daɗi.

Ana nan rikici ya ɓarke tsakanin kamfanin da ya wallafa littafin da dillalinmu. Kamfanin ya ce bai ba dillali haƙƙin sayar wa laburare na har abada ba, magana ta kai kotu. Muka wayi gari littattafansu kaf sun ɓace daga na'urarmu. Na shiga ofishin shugabanmu raina a ɓace, na ce, "Yallaɓai, ai waƙafi ne." Ya ce, "Hajiya, waƙafi a wurinmu, haya a wurinsu. Sai abin da kotu ta ce." Na kira kamfanin, suka amsa cikin mutunci, amma amsar ɗaya ce.

Talata ta zo, Inna ta zo. Muka gaisa, na ja gaisuwar fiye da kullum don ban san ta inda zan fara ba. Da ta ce "An ara?" sai na gaya mata komai. Ta murza bakin mayafinta ta ce, "Ke nan ladar Malam ta tsaya?" Tausayinta ya kama ni har na kasa kallonta.

Wani abokin aikinmu, Bashiru, ya ce akwai kwafin littafin yana yawo a waya, a ɗora shi a na'urarmu kawai, wa zai sani? Inna ta ce, "Da izinin masu shi?" Ya ce a'a. Ta ce, "To bar shi, ɗana. Malam bai taɓa ba wani rabon wani ba. Ba ni aika mishi ladar kayan mutane."

A dokar aikinmu ba ma faɗin wanda ya ari littafi, don haka ba ni da abin da zan lallashe ta da shi. Ashe wata mata da ke zaune a teburin kusa tana jin mu. Ta taso ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce sunanta Malama Rabi, tana koyar da matan aure a wata Islamiyya a Maradun.

Ta ce, "Inna, ke ce mai waƙafin? Ni na yi ta aron littafin nan har na sauke karatunsa. Da shi nake karantar da mata yanzu. Cikinsu akwai wadda ta taso daga Gidan Goga bayan an kashe mijinta, ba ta ma san tana da rabo a gonarsa ba sai a ajinmu. Kullum in mun tashi karatu muna yi wa Malam Isah addu'a, don sunansa na gani a kai."

Inna ta kama hannunta ta riƙe, hawaye na zuba. Sai ta juyo ta dube ni ta ce, "To wanga ilimi su zo su cire shi mu gani."

Shari'ar ta daɗe, kuma Inna ba ta ga ƙarshenta ba. Ba na ganin laifin mawallafa, haƙƙinsu suke nema. Amma tun ranar, duk wanda ya zo da niyyar waƙafi ina gaya masa gaskiya tun daga ƙofa: na na'ura aro ne, mu ma aro aka ba mu. Shi ya sa nake matsa muku kada ku bar littafi ya kwana babu mai karanta shi. Na Malam Isah ya dawo bara, da sunansa a ƙasa, kuma Malama Rabi ce ta fara ara.